Goɗiyar Malam Buba da Barcin Baban Rifkatu

Shekara ɗaya da wata biyu ke nan da muka binne mijina Yakubu, wanda kowa a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan ya sani da Baban Rifkatu. Matan zumunta na cocinmu sun ce in rubuta yadda ciwonsa ya zo da yadda ya tafi da shi, domin da yawansu suna da maza da 'ya'ya masu shiga daji. Na daɗe ina ja da baya. Yanzu na yarda.

Yakubu akawu ne a ofishin kaya na tashar jirgin ƙasa. Idan aka ba ma'aikata lif na shekara, wasu su tafi ƙauye noma, wasu su tafi Jos wurin dangi. Shi kuwa doki yake hawa. Yana da aboki Bafulatani, Malam Buba, wanda suka saba tun wata rana da ya zo loda shanu a jirgi takardu suka rikice masa, Yakubu ya gyara. Mutanen Malam Buba suna cin damina a kan duwatsun da ke bayan Kagoro, in ciyawa ta bushe su gangara kudu da shanunsu. Yakubu ya roƙa a bar shi ya bi su ya gani. Malam Buba ya ba shi aron wata goɗiya ja, irin ƙananan dawakan nan na duwatsu. Shekara huɗu a jere ita yake hawa. Ya raɗa mata suna Jirgin Kaya, wai ba ta sauri, kuma kowace tasha sai ta tsaya.

Yayarsa Tabita ba ta taɓa son abin ba. "Maza suna hutu su cika rumbu, kai kana hutu a bayan jakin Fulani," in ji ta. "Ardon reluwe! Saura ka dawo mana da kitso."

"Yaya, goɗiya ce, ba jaki ba."

"Da waɗannan ƙafafun nata? Je ka tambayi uwarta."

Tafiyarsa ta ƙarshe a watan Nuwamba ce, shekarar da aka canja kuɗi. Ya yi kwana goma sha biyu. Ya dawo ya yi baƙi, yana warin hayaƙi da man shanu, fuska cike da murna. Da ya tuɓe riga zai yi wanka na ga kumburi a bayan kafaɗarsa, ja, mai tauri, kamar maruru amma ba shi da baki.

"Ƙuda ne," in ji shi. "Ƙudan can ba irin na gida ba ne, ta cikin riga yake huda mutum."

Na shafa masa man zafi. Mako biyu kumburin ya baje, muka manta da shi.

Bayan Kirsimeti zazzaɓi ya fara. Ya yi kwana uku ya sake shi, bayan mako guda ya komo. Muka je asibiti da sassafe, muka yanki kati, muka zauna a benci har rana ta take. Disfensa ya tambaye shi inda yake aiki, ya ce reluwe. Inda yake zaune, ya ce kwatas. Aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ba shi ƙwayoyi masu ɗaci. Sau uku muka yi wannan zuwa cikin mako shida, tambaya iri ɗaya, ƙwaya iri ɗaya. Ba wanda ya tambaye mu inda ya yi hutu. Mu ma ba mu faɗa ba. Ni dai na san dalilina: nas ɗin da ke rubuta kati 'yar cocinmu ce, kuma na gaji da dariyar da ake mana a kan hawan dokin nan.

A watan Fabrairu sai ga Malam Buba a ƙofar gida. Daga inda suka sauka da shanu zuwa Kafanchan, yini guda ne a ƙafa kafin a sami mota. Ya kawo man shanu da zabi biyu. Ya ƙi kujera, ya zauna a tabarma, ya daɗe yana kallon abokinsa.

"Yaya Jirgin Kaya?" in ji Yakubu.

Malam Buba ya sunkuyar da kai. "Sai godiya," ya ce, ya shiga zancen ciyawa da ƙarancin ruwa.

Da na raka shi bakin hanya ya tsaya yana juya sandarsa. "Uwargida, a kai shi wurin likita babba."

"Sau uku muka je, Malam."

"To, madalla," in ji shi. Ya yi kamar zai ƙara magana, sai ya yi sallama ya tafi.

Maris da Afrilu ciwon kai ya haɗu da zazzaɓin. Sai ƙaiƙayi, har ya riƙa susa da bakin cokali. Kaluluwa ta fito masa a bayan wuya, guda uku, ba zafi, in ka taɓa tana gudu ƙarƙashin fata. A nan ne shawarwari suka fara shigowa. Kawunsa ya aiko da sassaƙe daga ƙauye, a dafa a sha a yi surace. Maƙwabciyarmu ta ce ciwon shawara ne, a hana shi mai. Fasto ya zo da dattawa biyu suka yi addu'a, na ji sanyi a raina. Yaya Tabita kuwa ta zo da maganarta a shirye.

"Wani abu suka sa masa a nono. In ba haka ba, me ya kawo Bafulatanin nan tun daga daji? Ya zo duba ko aikinsa ya ci ne."

Yakubu yana kwance ya ce, "Yaya, in za su kashe ni, da tun shekarar farko. Na fi ƙiba a lokacin."

Duk abin da aka ce a yi, na yi. Na hana mai, na dafa sassaƙe, na saya masa maganin ƙarin jini a kemis. Kuɗin cittar da na noma a shekarar a nan ya tafi.

A watan Mayu barci ya shigo. Farko a coci, ana tsakiyar wa'azi, mutane suka yi ta murmushi domin ba shi kaɗai ke yi ba. Sai a ofis, har aka ba shi takardar gargaɗi, mutumin da bai taɓa makara ba. Da dare kuma idonsa biyu. Halinsa ya canja. Ya daka wa Rifkatu tsawa don ta ajiye kofi da ƙarfi, sa'an nan ya zauna yana kuka. Wata rana muna cin tuwo ya ɗauki loma, kafin ta kai baki barci ya ɗauke shi, hannu a sama, miya tana gangarowa zuwa gwiwar hannu. Yara suka yi dariya, suka dube ni, suka daina.

Ruwa ya sauka sosai a watan Yuni, Fulani suka hauro. Ranar kasuwa na ga Dija, matar Malam Buba, a layin masu nono.

"Maman Rifkatu, ke ce kuwa? Kin rame kamar saniyar rani."

Na gaya mata yadda ake ciki. Da na zo kan barcin, ta ajiye ludayi. Ta ja ni bayan rumfa.

"Maigida zai yi fushi in ya ji, amma bari ya yi. Goɗiyar nan ta mutu."

"Yaushe?"

"Kwana tara kafin ya zo gidanku. Tun da mijinki ya sauka daga kanta ba ta ƙara lafiya ba. Gashi ya tashi, ido yana ruwa, ciki ya kumbura, tana tsaye kai a ƙasa. Sammore ne, na ƙudan tsando. Duk ayarinmu ita kaɗai ta shiga kurmi da tsakar rana, ita da wanda ke kanta. Tsofaffinmu suna cewa in tsando ya ci dabba haka, a dubi mahayin."

Na ce, "Ya zo har gidana, ya zauna a tabarmata. Me ya hana shi faɗa?"

Dija ta dube ni kamar na tambayi abin da yaro ma ya sani. "Ka ba baƙo aron dabba, ta mutu, ka taka har gidansa ka gaya masa. Me ka je yi? Biya ka je nema. Mutum mai kunya ba ya yin haka. Kwana uku bai ci abinci ba kafin ya taho, ya dawo kuma ya kasa ci."

Ban sayi komai a kasuwar ba. Washegari na kai Yakubu asibiti, na ƙi tsayawa wurin disfensa, na zauna a ƙofar likita har ya fito zai tafi cin abinci. Na ce masa, "Likita, mijina ya hau doki ya shiga kurmi a watan Nuwamba, dokin ya mutu." Ya fasa tafiya. Ya sa yatsu a bayan wuyan Yakubu, ya ɗan latsa, ya tambaye ni me ya sa ba a faɗa tun farko ba. Ya rubuta mana takarda zuwa wani asibitin mishan da ke hanyar Jos, inda ma'aikatan ciwon barci suke zuwa.

Na sayar da keken ɗinkina muka tafi. Yaya Tabita ta kwaso kayanta ta dawo gidanmu wurin yara, ba tare da na roƙe ta ba.

A can aka soka allura cikin kaluluwar, aka ɗebi ɗan ruwa aka shafa a gilashi. Mai dubawa ya leƙa cikin madubin nan mai ƙara girman abu, ya kira likita, shi ma ya leƙa. Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce ina so in gani. Suka dubi juna, suka matsa mini. Na rufe ido ɗaya kamar yadda aka nuna mini. Da farko haske kawai. Sai na gan su, sirara, masu wutsiya, suna wutsil-wutsil kamar 'yan kifi a kududdufi. Wata bakwai ina faɗa da abin da ban san kamarsa ba, ashe ga shi, bai kai ƙurar gari ba. Na tambayi likita ko daga goɗiyar ya ɗauka. Ya ce a'a, na dabba daban, na mutum daban, amma ƙuda ɗaya ke raba su, kuma Fulanin sun yi daidai da suke duban mahayi. Na tambaye shi me ƙwayoyin cutar suke ci a jikin mutum, me ya sa barci suke kawowa ba hauka ba. Ya ce wasu tambayoyin nawa su ma ba su gama sani ba.

Kashegari aka lanƙwasa Yakubu aka ɗebi ruwa a ƙashin bayansa. Da sakamako ya fito likita ya kira ni gefe. Maganarsa tana kunnena har yau. "Ya riga ya haye," in ji shi. "Ciwon ya bar jini ya shiga kai. Da yana cikin jini, akwai allura mai sauƙi. Wadda ta rage mana mai ƙarfi ce. Tana kashe ciwon, amma wani lokaci takan tafi da mai ciwon. In ba a yi ba kuma, babu makawa." Na sa hannu a takarda.

Kwana goma sha ɗaya muka jira maganin ya iso daga Kaduna. Ina kwana a ƙasa kusa da gadonsa, ina dafa mana abinci a murhun masu jinya a bayan wod. Wahalar ita ce ciyar da shi, domin yakan yi barci da abinci a baki, ana tsoron ya shaƙe. Wata sista tsohuwa ta ce mini, "Ki sa shi magana. Ki tambaye shi abin da yake so ya faɗa, tsakanin cokali da cokali."

Shekara huɗu yana dawowa da labarin tafiyar nan, ban taɓa zama na saurara ba. A wod ɗin nan na fara tambaya.

"Baban Rifkatu, ba sirdi, yaya kake zama?"

"Buhu ake ninkawa," in ji shi a hankali. "Kwana biyun farko ba ka iya zama a ƙasa. Dija tana ta yi mini dariya."

Cokali ɗaya.

"In kun zo gangaren dutse fa?"

"Sai ka saki linzami. Ta fi ka sanin hanya. In ka ja ta, ku faɗi tare."

Cokali ɗaya.

Haka na ji yadda ake tashi tun da sanyin safiya, a ɗaure ƙore da tabarmi a bayan takarkari, a saɓa ɗan maraƙin da aka haifa jiya a wuya. Na ji yadda mata suke kafa bukka kafin ruwa ya tafasa a tukunya. Na ji kowace saniya tana da sunanta, kuma in Malam Buba ya kira, ita kaɗai take ɗaga kai. Ya ce akwai wani wuri a ƙwanƙolin dutse inda ake hango hayaƙin jirgi yana barin Kafanchan, siriri kamar zare, ya tsaya a nan yana lissafin wane jirgi ne, wa ke tuƙi, yana jin daɗi ba shi ne zai cika takardun kayan ba. Na tambaye shi me suke ci, ina suke samun gishiri, yaya suke sanin inda ruwa yake. Wasu ya amsa, wasu barci ya riga shi.

Rana ta shida na tambaye shi kurmin.

Ya ce Fulani ba sa ratsa kurmi sai da sassafe, kafin rana ta ɗumama ƙudan, kuma ba sa tsayawa. Ranar sun riga sun ƙetare, sun yi zango a fili. Shi kuwa ya ji ƙarar ruwa yana zuba daga dutse a cikin itatuwan, ya ce zai koma ya gani.

"Malam Buba bai hana ka ba?"

"Ya ce, mu dai ba mu cika tsayawa a nan ba."

"Shi ke nan?"

"Ba a hana baƙo, Saratu. Iyakar hanin ke nan. Na sani, na yi kamar ban ji ba." Ya lumshe ido har na zaci ya yi barci. Sai ya ce, "Akwai birai masu farin gemu. Ruwan sanyi kamar ƙanƙara. Da kin gani."

Da maganin ya iso aka fara. Nas ta gargaɗe ni cewa yana ƙuna, amma ban zaci haka ba. Mutumin da ba a iya tashe shi, allurar tana shiga jijiya sai ya buɗe ido ya riƙe ƙarfen gado. Kwana uku a jere, sai hutun mako guda. A cikin makon nan ya dawo mini. Ya zauna da kansa, ya nemi gwaten acca, ya cinye kwano. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in aika wa Yaya Tabita cewa Ardon reluwe yana gaisuwa. Na fita bayan wod na durƙusa na gode wa Ubangiji.

Aka shiga zagaye na biyu. Bayan allura ta biyu zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, harshe ya yi nauyi, sai jijjiga. Likita da sista sun yi abin da za su iya, na gani da idona. Kwana biyu bai san inda yake ba. Ranar Alhamis da hantsi, ina goge masa fuska, ya cika.

Ina da godiya. Matan zumunta sun nome mini gonar citta sau biyu ba na nan. Abokan aikinsa sun kawo gawarsa gida. Sistar nan ta ba ni kwana goma sha ɗaya na hira da mijina waɗanda ba zan samu ba in ba don ita ba. Yaya Tabita ta riƙe mini yara wata biyu, kuma tun ranar da ta ji gaskiyar magana ba ta ƙara ambaton nono ba. Ina kuma da ƙorafi. Tambaya ɗaya ce, ina ka je kwanan nan, da an yi ta a watan Janairu da allura mai sauƙi za a yi masa. Ban ɗora wa disfensa shi kaɗai ba, layin da ke gabansa ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ni ma ina da baki a ranar.

Kwana uku da biso Malam Buba ya zo. Bai shigo ba, ya zauna a gindin mangwaro a waje, da karsana a ɗaure a gefensa. Na fita na same shi. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyya, idonsa a ƙasa.

"Uwargida, na kawo wa yara wannan."

"Malam, ka mayar da ita. Abu ɗaya nake so. Likita ya ce duk wanda ya bi hanyar nan a duba wuyansa. Ka kawo mutanenka, manya da yara."

"Mu ba mu shiga da rana ba."

"Ƙudan ba ya duba agogo kamar reluwe. Kuma ni ba baƙuwarka ba ce, ba kuma Bafulatana ba, saboda haka zan faɗa maka kai tsaye: in ba ka kawo su ba, wani zai mutu."

Ya miƙe tsaye. Sa'an nan ya kwance karsanar ya tafi.

Ranar da ma'aikatan ciwon barci suka zo Kagoro, na je. Fulanin suna nan tun kafin ni, su ashirin da wani abu, a jere a gindin bishiya, Malam Buba a gaba ya cire rawani. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana latsa wuya. An sami uku. Ɗaya daga ciki Dija ce, kaluluwa ɗaya 'yar ƙarama a ƙarƙashin kitso, ba ta ma san da ita ba. Nata bai haye ba. Aka yi mata allura mai sauƙin, tana nan da ranta, makon jiya ma na sayi nono a wurinta.

Ga abin da nake roƙon duk wadda ta karanta. In naki ya dawo daga daji da kumburin cizo, in zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, ki sa yatsu a bayan wuyansa. In kun je asibiti ki faɗi inda ya je tun ba a tambaye ki ba, ko da za a yi dariya. In kuma aron dabba aka ba shi, kada ki tambayi mai ita. Ki tambayi matarsa.